Kabos Gyula da albasarsa

Ba na jin yaren Hangari, amma Kabos Gyula, ɗan wasan barkwanci na finafinan ƙasar Hangari, yakan sa ni dariya tun kafin in karanta fassarar da ke ƙasan hoton. Yana magana da in'ina da gangan, fuskarsa kullum kamar ta wanda ake bi bashi. A Budapest aka haife shi a 1887, kuma ya daɗe yana wasan dandamali kafin zuwan fim mai magana.

Wanda na fi so cikin finafinansa shi ne "Hyppolit, a lakáj" (wato Hyppolit hadimi) na 1931. Ya fito a matsayin Schneider, ɗan kasuwar sufuri da arziki ya samu rana tsaka. Matarsa ta ɗauko hadimin da ya saba aiki a gidan masu sarauta, sai ga hadimi yana koya wa maigida sa kaya da zaman cin abinci. Har albasar da bawan Allah yake so sai a ɓoye yake ci, a gidansa fa! Ni dai ina bayan Schneider.

Kabos Bayahude ne. Dokokin takura wa Yahudawa suka sa ya tafi Amurka a 1939, can kuma bai samu karɓuwa irin ta gida ba. Ya rasu a New York a 1941.