Tayar da za ta tsayar da kai a kan ƙanƙara

Wanda ya koyi tuƙi a Kano ko Damagaram abu biyu yake dubawa a jikin taya: zanenta bai suɗe ba, kuma tana riƙe iska. Idan waɗannan sun cika, sai a kama hanya. Ranar da karatu ko aiki ya kai mutum Kanada, Jamus ko Suwidin, wannan sanin ba zai ishe shi ba, domin akwai abu na uku da zafin ƙasarmu bai taɓa sa mu kula da shi ba, wato taushin robar kanta. Robar tayar da aka yi don lokacin zafi tana fara ƙandarewa da zarar yanayi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyos. Ba sai dusar ƙanƙara ta zuba ba. Kwalta a bushe take, gari ya yi haske, amma tayar ta yi tauri, ta daina lafewa a jikin titi, kuma tazarar da mota take ci kafin ta tsaya ta ƙaru.

Tayar sanyi an haɗa robarta ne ta yadda ba za ta rasa taushi ba ko da an kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Ka danna ta da babban yatsa a safiyar Janairu, za ka ji tana lotsawa. Ka kusanto da ido kuma, za ka ga kowane haƙori na zanenta an tsattsaga shi da siraran tsage masu lanƙwasa, kamar an bi shi da reza. Idan taya ta taka ƙasa, tsagen suna buɗewa, kowanne ya zama baki mai cizo. Manyan ramukan da ke tsakanin haƙoran kuwa aikinsu biyu ne: su fitar da ruwa da caɓin ƙanƙarar da gishiri ya narkar, su kuma cika da dusa. Cikar nan da gangan ce, domin babu abin da ke kama dusar ƙanƙara kamar 'yar'uwarta, shi ya sa ake iya dunƙula ta a hannu ta zauna.

Daskararriyar ƙanƙara ita ce babbar matsala, kuma ta fi santsi lokacin da sanyi bai tsananta ba, wato daf da sifili. A lokacin ne wani siririn ruwa yake kwanciya a samanta, taya ta riƙa zamewa a kansa. Haɗarin ya fi yawa a kan gada, domin iska tana bi ta sama da ƙasanta, sai ta riga sauran titi daskarewa. Haka ma bakin fitilar kan hanya, inda birkin motoci ya goge dusa har ta koma kamar madubi.

Alamar da za ka nema

Ka tsuguna ka karanta gefen tayar da kanka, kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Alamar da ke da amfani ita ce hoton dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Ba a buga ta sai tayar ta ci gwajin riƙo a kan dusar ƙanƙara. Haruffan M+S kuwa, da za ka gani a jikin tayoyi da yawa, ba shaidar wani gwaji ba ne, bayanin fasalin zane ne kawai. Tayoyin da aka rubuta wa All Season, waɗanda sababbin motoci suka fi zuwa da su a Amurka da Kanada, akasarinsu M+S kaɗai gare su. Sunan ya ce duk shekara, amma a Winnipeg ko Ottawa ba su kai ga watan Janairu ba.

Ita ma alamar dutsen tana da iyaka: a kan dusa aka yi gwajinta, ba a kan ƙanƙara mai santsi ba. Tun watan Mayu na 2021, takardar da ake liƙawa a sababbin tayoyi a Tarayyar Turai tana iya ɗauke da wata alama ta daban ta riƙon ƙanƙara. Idan kana arewacin Turai, ka neme ta.

Tayoyin da ke da alamar dutsen ma ba ɗaya suke ba, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai mai taushi sosai da aka yi don ƙasashe irin su Finlan, Norwe, Suwidin da Kanada, inda titi yake wata da watanni a daskare. Misalanta su ne Nokian Hakkapeliitta R, Bridgestone Blizzak WS, Michelin X-Ice da Continental VikingContact. A kan ƙanƙara da dusa babu kamarta cikin marasa ƙusa, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta da gudu tana da laushin sitiyari, birkinta kuma ya fi tsawo. Akwai kuma ta tsakiyar Turai, irin su Continental WinterContact da Michelin Alpin, wadda aka yi don hunturun Jamus da Faransa: ruwan sama, caɓi, sanyi daf da sifili, da gudu a babbar hanya. Wanda ke Frankfurt ya sayi ta Finlan ya yi asarar riƙo a kan titin da yake bi kullum. Wanda ke Edmonton ta Kanada ya sayi ta Jamus zai gane kurensa a safiyar da titi ya zama gilashi. Don haka kafin ka tambayi wacce ta fi kyau, ka tambayi kanka abin da ke ƙarƙashin motarka a mafi yawan kwanakin hunturu.

Ta uku ita ce mai ƙusa. Ƙananan ƙusoshi ne masu kan ƙarfe mai tsananin tauri, da suka ɗan leƙo daga roba da kimanin milimita ɗaya, suna kartar ƙanƙara. A kan ƙanƙara mai jiƙa, daf da sifili, ita ce gaba. Amma tana da ƙara, tana cin kwalta tana ta da ƙura, shi ya sa doka ta takura mata. Jamus ta hana ta. A Kanada, lardin Kwebek ya yarda daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu. A Ontariyo mazauna arewacin lardin kaɗai aka yarje wa. A Oslo, babban birnin Norwe, sai ka biya kuɗi kafin ka shiga da ita cikin gari. Japan ta hana ta tun farkon shekarun 1990 saboda ƙurar da ta addabi biranen arewacinta, abin da ya tilasta wa kamfanoni inganta tayar da ba ta da ƙusa. Ra'ayina shi ne, idan a birni kake inda ake share titi ana zuba gishiri, ba ka buƙatarta. Idan kuwa a ƙauye kake, hanyarka tana da tudu da gangare kuma ba a cika share ta ba, ka saye ta. Sabuwa kuma sai an lallaɓa ta a kilomita 400 zuwa 500 na farko, ba fizga ba birkin gaggawa, don ƙusoshin su zauna a gurbinsu.

Ta ƙarshe ita ce wadda ake barinta a mota duk shekara amma tana da alamar dutsen, irin Michelin CrossClimate. Ga mazaunin Landan, Faris ko Bankuba ta Kanada, inda dusa ba ta daɗewa a ƙasa, zaɓi ne mai ma'ana. A kan ƙanƙara ta gaske ba ta kai tayar sanyi ba.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Kwebek dole ne duk motar da aka yi wa rajista a lardin ta sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tarar kuwa dalar Kanada 200 zuwa 300. Ontariyo ba ta tilasta ba, amma tun 2016 kamfanonin inshora suna yin rangwame ga wanda ya sa, sai dai ka sanar da su. A Jamus ba kwanan wata ake bi ba, yanayin titi ne: in da ƙanƙara, dusa ko caɓi, dole a gan ka da su, in ba haka ba tarar yuro 60 da makin laifi ɗaya a lasisinka, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 alamar dutsen kaɗai ake karɓa. Suwidin tana nema daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan titi yana cikin halin hunturu, da zurfin zane aƙalla milimita 3. Ostiriya kuwa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, da milimita 4.

Huɗu, ba biyu ba

A gida mun saba da canja taya bibbiyu idan aljihu ya yi nauyi. A kan ƙanƙara wannan ɗabi'a tana kisa. Idan ka sa na sanyi a gaba kaɗai, saboda gaban ne ke jan motar, za ta tashi lafiya, ka saki jiki. Da ka shiga kwana ko ka taka birki, gaba zai riƙe, baya ya zame, motar ta juya da kai ta fuskanci inda ka fito. Idan a baya kaɗai ka sa, za ka murɗa sitiyari motar ta ci gaba da miƙewa. Huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zurfin zane kusan ɗaya.

Masu motar da ke ja da ƙafa huɗu su ne suka fi yaudarar kansu. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ka hau tudu. Wajen tsayawa ba ya ƙara komai, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki, kuma babbar mota nauyinta ƙara tura ta yake yi. Haka na'urar ABS: tana hana taya kullewa, amma ba ta ƙirƙiro riƙon da robar ba ta da shi.

Girman taya yana rubuce a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Ɗauki 205/55 R16 91H. Lamba 205 faɗin taya ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne, kashi 55 cikin 100 na faɗin, 16 faɗin rim ne a inci, 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudu ce ta kilomita 210 a awa. Lambar nauyi kada ka taɓa sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Harafin gudu kuwa tayoyin sanyi da yawa T suke ɗauke da shi, wato 190, ko Q, wato 160. A Jamus an yarda da hakan muddin akwai 'yar takarda a gaban direba da ke tuna masa iyakar. Mutane da yawa suna rage inci ɗaya a rim su ɗauki taya mai ɗan siranta da dogon gefe: ta fi araha, ta fi huda dusa, ta fi jure ramukan da sanyi ke fasawa a titi. Sharaɗi biyu ne, tsayin tayar gaba ɗaya ya kusan daidai da na asali, kuma ƙaramin rim ɗin bai taɓa kan birki ba.

Idan da hali, ka saya musu rim nasu daban, na baƙin ƙarfe ya wadatar. Gishirin titi yana cin rim mai ƙyalli, kuma cirewa da mayar da taya sau biyu a shekara yana cin kuɗi yana lalata bakinta. Ka tabbatar yawan ramukan noti da tazararsu sun dace da motarka, ka kuma tambaya ko tana buƙatar na'urar auna iska a cikin kowace ƙafa.

Wanda zai sayi na hannu ya duba abu biyu. Na farko shekara: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, 3822 na nufin mako na 38 na shekarar 2022. Robar tana bushewa da tsufa ko da ba a hau ta ba, wadda ta haura shekara shida taushinta ya ragu sosai. Na biyu zurfin zane. Sabuwa tana zuwa da milimita 8 zuwa 10. Da ta sauko milimita 4, aikinta a kan dusa ya ƙare, ko da dokar wurin tana cewa 1.6. Ƙaramin gejin auna zurfi ba shi da tsada, ka auna a tsakiya da gefe biyu. A nan ne ma ya kamata masu sayen taya 'yar Beljiyam a gida su lura: idan ka ga hoton dutse da furen ƙanƙara a gefenta, akasari tayar hunturu ce da aka gama da ita a Turai, kuma kwaltar Maris a hanyar Kaduna za ta cinye ta da wuri, birkinta ma ba zai yi kyau ba.

Lokacin sawa shi ne idan safiya ta fara tsayawa ƙasa da digiri 7 kwanaki a jere. Kada ka jira dusar farko, ranar kowane gareji ya cika. Tayoyin sanyi da yawa suna da kibiya a gefe da ke nuna inda za su juya, in aka sa su a baibai sai su riƙa tara caɓi maimakon fitar da shi. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka koma a sake ɗaure notocin da sifana mai auna ƙarfi, domin sukan ɗan saki.

Iska kuma tana raguwa da sanyi, kimanin psi ɗaya (ma'aunin ƙarfin iskar taya) duk saukar digiri 5 zuwa 6. Tayar da aka hura a gareji mai ɗumi na digiri 20 za ta rasa kusan psi 5 idan ta kwana a waje cikin digiri 10 ƙasa da sifili. Ka auna da safe kafin ka yi tafiya, sau ɗaya a wata aƙalla, ka bi lambar jikin ƙofa ba ta jikin taya ba. Masu cewa a sassauta iska don ƙarin riƙo suna ɗauko dabarar yashi ne su kawo inda ba ta aiki: a titi tsakiyar tayar ne zai daina dannawa, gefenta ya cinye.

Idan bazara ta shigo, zafi ya tsaya sama da digiri 7, ka cire su, domin taushin da ya cece ka a Janairu shi zai sa su cinye da wuri a kwaltar Yuli. Kafin a sauke kowace, ka rubuta mata da alli inda ta fito, gaba dama ko baya hagu, don baɗi ka sauya musu wuri su ci daidai. Ka wanke gishirin, su bushe, ka sa su a leda, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, nesa da rana, man fetur da injin lantarki. Masu rim a jibge su a kwance ɗaya kan ɗaya, marasa rim kuwa a jera su a tsaye, a riƙa ɗan juya su duk wata don kada gefe ɗaya ya lotsa.