Daga Tawa zuwa Yamai: rawa a kan yashin kogin Isa

Ɗan ƙanwata, wanda ya kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni sannan ya karkata ga aikin ɗaukar hoto, shi ne ya gayyace ni Yamai a tsakiyar bazara domin in ga wani gajeren fim na rawar zamani da yake shiryawa tare da abokansa a bakin kogin Isa, wato kogin Kwara. Na amsa gayyatar da son ganin abin da kyamara za ta ƙara wa rawa, domin mu a ƙasar Adar rawa aba ce ta dandali da ranar biki, ana yin ta a gaban makaɗi, idan taro ya watse ita ma ta tafi.

Motarmu ta bar Tawa bayan sallar asuba. Wajen Badagishiri rana ta fito mana a kan tudun jan dutse, inda na hangi manoma a jere suna haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki domin su tare ruwan farko na damina, suna sunkuyawa suna miƙewa lokaci ɗaya ba tare da wani ya ba su umarni ba. A Tsarnawa muka hau babbar hanya, muka ratsa Birnin Ƙonni, wanda a kusa da shi Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana ɗaukar fina-finai a Nijar, ya rasu a hatsarin mota cikin watan Fabrairun 2004. Daga nan sai Dogon Dutsi, sai Dosso, sai yankin Kure mai raƙuman dawa, ko da yake zafi ya sa yawancin fasinjoji sun ja labule. Mun isa Yamai ana shirin sallar magariba.

A hanyarmu ta zuwa gida yaron ya nuna mini cibiyar al'adun da a da ke ɗauke da sunan Rouch, wadda a 2024 aka mayar da ita da sunan Moustapha Alassane. Abin ya faranta mini rai, domin wannan mutum, wanda ya rasu a 2015, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, kuma a Tawa ya zauna tsawon shekaru yana aikinsa.

Da dare abokan aikinsa suka taru a tsakar gida, aka ɗora kwamfuta a kan tabarma. Ya ce mini, “Kawu, kafin ka ga namu, ya kamata ka ga wanda ya tayar mana da hankali.” Fim ne da aka ɗauka a 2020 a bakin teku a Toubab Dialaw ta ƙasar Senegal, inda makarantar rawa ta Germaine Acogny take. Masu rawa 38 daga ƙasashen Afirka 14 sun daɗe suna koyon wata rawa da Bajamushiya Pina Bausch ta tsara a 1975 a kan kiɗan da Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya fitar a 1913, sai annobar korona ta rufe iyakoki kafin su fita nuna ta, saboda haka suka yi ta a kan rairayi da yamma kafin kowa ya koma ƙasarsa. Tun asali ana zuba ƙasa ne a kan dandamali kafin a yi wannan rawa, domin ta manne wa jikin masu yin ta. A bakin teku kuwa babu buƙatar a kawo ƙasa daga wani wuri. Na lura da yadda rairayin ke riƙe ƙafa, yadda yake hana tsalle ya yi tsawo, yadda gajiyar mutum ɗaya ke bayyana a kafaɗar na kusa da shi, kuma na fahimci cewa ƙasar tana da hannu a cikin tsara rawar, ba shimfiɗa kawai ba ce.

Kashegari muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda tun kafin rana ta yi zafi. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai: akwai jan ruwa na damina wanda ke zuwa wajen Agusta da Satumba, akwai kuma ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini, wanda ke isowa cikin sanyin hunturu. A bazara kuwa ruwan yana janyewa, tsibiran yashi su fito fili, kuma a kan ɗaya daga cikinsu aka yi aikin. Samari da ƴan mata ne, cikin tufafi masu rufe jiki kalar ƙasa, babu ganga babu kalangu. Rawar ta fara da tafiya a hankali, ɗaya ya jingina bayansa ga ɗaya har nauyinsu ya zama guda, idan wannan ya saki wancan zai faɗi. Daga baya suka shiga ruwa iya gwiwa suna jan wata igiya da ido ba ya gani. Ɗan ƙanwata ya kwanta rubda ciki a kan yashi da kyamararsa yana bin tafin ƙafa da sawun da ruwa ke sharewa, abin da mai kallo a dandali ba zai taɓa samun gani ba.

Wani dattijo Basarke ya ajiye kwalekwalensa yana kallo. Da aka tsaya hutawa sai ya matso ya yi sallama, ya ce wa yaran ba haka ake jan taru ba: mai jan taru da ƙugu yake ja, yana kafe dugadugansa a cikin laka, ba da hannuwa ba. Ya nuna musu, suka maimaita, kuma nan take motsin ya sami nauyin da ba shi da shi a da. Na tambaye shi, “Baba, yaya ruwan yake yanzu idan aka gwada da zamanin ƙuruciyarku?” Ya ce yashi ya cinye zurfinsa, kifi ya ragu, ya kuma tuna mana da shekarar 1985 da kogin ya tsaya cak a Yamai, da ambaliyar 2020 da ta fasa madatsai ta shiga gidajen mutane a wannan ɓangare na gari.

A nan ne ra'ayina ya tsaya. Yawancin fina-finan rawa da ake ɗauka a daji ko a bakin ruwa suna neman wuri mai kyau ne kawai domin ya ƙawata bayan mai rawa, kamar yadda ake rataya zane a bayan amarya ranar ɗaukar hoto. Wanda ya cancanci a kalle shi shi ne wanda wurin ya sauya motsin jikin, kuma mutanen da ke cin abinci a wurin suka sami bakin magana a cikinsa.

Da yamma, wajen tace hotunan, gardama ta tashi. Wasu na son a yanke duk inda masu wanki suka bayyana a gaɓa, da inda ledoji da kainuwa suka taru a gefen ruwa, su ce suna ɓata kyan hoton. Aka nemi jin ta bakina, na ce kogin da babu masu wanki babu leda ba kogin Yamai ba ne, kuma mai kallo a Dakar ko Wagadugu yana da haƙƙin ganin gaskiyarsa. Bayan doguwar muhawara suka amince a bar su, a kuma bar ƙarar bugun wanki da muryar dattijon a madadin kiɗan da suka yi niyyar ɗorawa. Sun kuma yanke shawarar fara nuna fim ɗin a unguwar masuntan, a jikin bango da dare, kafin su aika da shi ko'ina.