Ina Bin Sawun Hikaru a Allon Ches

A kullen korona na 2020 na fara ches da gaske. Kafin nan dara na sani, irin wadda muke haƙa wa gurabu a ƙasa a ƙofar gida, wannan ya ɗebi tsakuwa wancan ya karya kara. Da aka rufe Kano, shago a garƙame, ba majalisa ba kasuwa, sai ƙanena ya saka mini manhajar Chess.com a waya, ya nuna mini yadda doki ke tsalle. Shi ne kuma ya fara turo mini bidiyon wani mutum mai yawan girgiza kai da kallon silin, yana hira da masu kallonsa yana ragargazar manyan 'yan wasa cikin minti uku. Hikaru Nakamura ke nan.

Daga baya na san ko shi wane ne. A Japan aka haife shi a 1987, aka kai shi Amurka yana ɗan shekara biyu, mijin mahaifiyarsa Sunil Weeramantry ya koya masa wasan. Yana da shekara 15 ya samu muƙamin girandimasta, babban muƙamin gwanayen ches, ya karya tarihin Bobby Fischer na Ba'amurke mafi ƙarancin shekaru da ya kai wannan matsayi. Sau biyar ya ci gasar Amurka. Amma ni duk wannan bai dame ni ba a lokacin. Hannunsa nake kallo. Mutum ya taka kafin abokin karawarsa ya gama sauke nasa takun, ya zana kibiyoyi huɗu a allo yana cewa in ya ci nan in ci can, sannan ya koma hirarsa kamar ba abin da ya faru. Na ce a raina, ashe sirrin abin sauri ne.

Sai na shiga kwaikwayo. Na daina buɗe wasa da sojan tsakiya kamar yadda ƙanena ya koya mini, na koma tura sojan gaban doki zuwa gidan da ake kira b3 in kwantar da giwa a lungu, don na ga Hikaru na yawan yin haka a wasannin gaggawa. Giwa muke ce wa wanda ke tafiya a karkace, kamar yadda Larabawa ke kiransa. Na koyi fito da sarauniya tun a taku na biyu. Har wannan buɗin na shiririta da ake kira Bongcloud na gwada, inda mutum zai tura sojan gaban sarki sannan ya ɗaga sarkin da kansa ya tsayar da shi a gaban jama'arsa. Hikaru da Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, sun taɓa yin sa su biyun a wasa ɗaya a watan Maris na 2021, suka yi ta kai sarki suna dawo da shi har aka tashi canjaras a taku shida, suna ta dariya. Abin da ban lura da shi ba, dukkansu sun riga sun tsallake zuwa zagaye na gaba, wasan ba ya ƙara musu ba ya rage musu. Ni kuwa da makina, wanda ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, nake caca.

Mafi muni shi ne abin da ni da ƙanena muke kira riga-malam-masallaci, wato ka ajiye takunka tun abokin wasa bai yi nasa ba, da ya taka sai na'ura ta taka maka. A Chess.com kana iya jera irin wannan taku da yawa, kowanne ya ci maka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A Lichess ɗaya kawai ake ajiyewa, amma ba ya cin lokaci. Na ƙware da shi har ya zame mini ciwo. Wata rana na ajiye takun sarauniya ina da tabbacin mutumin zai ci sojana, sai bai ci ba, ya matsar da doki. Sarauniyata ta tafi da ƙafarta ta zauna a bakin dokin. Ina kallo, ba yadda zan yi. Ga kuma matsalar layi: a wasan minti ɗaya, in intanet ta yi tsaiko na daƙiƙa uku, an gama da kai, kuma a unguwarmu tsaikon daƙiƙa uku ba labari ba ne. Cikin wata biyu makina ya zube daga wajen 1400 zuwa ƙasa da 1200. Sauri ya haifi nawa.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon malamin lissafi, yana da allon katako da ya ce tun yana jami'a yake tare da shi. Bayan an sassauta kulle na fara zuwa zaurensa bayan la'asar. Wasanmu na farko na buɗe da b3 ɗina cikin isa, ina taka kowane taku kafin ya janye hannu. Bai kai taku talatin ba ya kashe mini sarki. Ya mayar da kayan wani wuri a tsakiyar wasan, ya nuna dokina.

"Ɗana, me ya kai wannan nan?"

"Malam, haka Hikaru yake yi."

"To, shi ya san dalilinsa. Kai fa?"

Ban da amsa. Sai ya ba ni aikin da ya ce shi ma haka aka ba shi: in samo wasannin mutumin, in rufe takunsa, in rubuta nawa hasashen a littafi tare da dalili, sannan in buɗe in gani. Ya ce kada in kunna injin Stockfish, manhajar da ke nuna takun da ya fi kyau, sai na gama wasan gaba ɗaya. Na sayi littafin rubutu mai shafi 80, na riƙa ɗauko wasanninsa na Titled Tuesday, gasar da masu muƙami ke yi duk Talata, wadda a lokacin zagaye 11 ce, minti uku da ƙarin daƙiƙa ɗaya a kowane taku. Wasa ɗaya da ya gama cikin minti shida ni sai ya ci mini awa guda.

A nan ne mutumin da nake zaton na sani ya sauya mini kama. Inda wasa ya yi zafi, ana ci ana ramawa, hasashena yakan dace da nasa fiye da yadda na zata, don a irin wurin hanya ɗaya ce ko biyu. Inda nake faɗuwa warwas shi ne wurin da ba abin da ke faruwa. Zai matsar da sarki gida ɗaya, ko ya ja ruk (wanda ke tafiya a miƙe) baya, ko ya tura sojan gefe, takun da ba wanda zai yanko ya sa a bidiyo. Sai bayan taku takwas ko goma in ga ashe wata ƙofa ya toshe tun ɓarawo bai yi niyya ba. Na kuma riƙa rubuta lokacin da ya rage masa bayan kowane taku, na ga saurin nasa ba bai ɗaya ba ne. Yakan yi taku goma sha biyar kusan kyauta, ya tara lokaci, sannan a wuri ɗaya ko biyu ya tsaya cak, ya kalli silin ɗin nan nasa, ya kashe rabin minti. Ni kuwa akasin haka nake yi: in ɓata lokaci a inda ba komai, in yi gaggawa a inda rai yake.

Amma abin da ya fi cika mini littafi shi ne taurin kansa in ya shiga tsaka mai wuya. Sau da yawa in na kunna injin daga baya sai in ga ya nuna Hikaru ya riga ya mutu tun tsakiyar wasa, amma sakamako ya nuna shi ya ci. Ba ya neman takun da injin zai yaba, takun da zai fi wahalar da ɗan Adam mai daƙiƙa ashirin a agogo yake nema. Zai bar maka hanyoyi uku, biyu rami ne, ɗaya ce mai kyau, kuma mai kyan ita ce ta fi kama da rami. In ka tsallake ya sake haƙa wani. Ko na'ura bai bari ba: a 2008, a dandalin ICC inda yake wasa da sunan Smallville, ya kulle allo gaba ɗaya a wasan minti uku da injin Rybka, ya yi ta kai da kawowa har injin ya fara zubar da sojojinsa don gudun canjaras, ya cinye shi a taku 271. Wanda ya yi wa kwamfuta wannan haƙurin, me zai hana ya yi wa mutum?

Kada kuma a ɗauka gudu da ɓuya kawai ya iya. Malam ya sa na bi wasansa da Boris Gelfand na 2010 a Bursa ta Turkiyya, a gasar ƙungiyoyin ƙasashe, inda ya riƙe baƙaƙe ya yi ta barin sarauniyarsa a bakin ci taku bayan taku, Gelfand na ganinta amma ba halin taɓawa saboda sarkinsa na cikin wuta. Ranar Malam har tafi ya yi shi kaɗai.

To, ina rauninsa? Na san abin dariya ne mai maki dubu da 'yan kai ya zauna yana duba aibin wanda ya taɓa kai 2816 a 2015. Amma mai kallon kokawa yana ganin inda ƙafa ta zame ko da shi ba zai iya shiga fage ba, kuma littafina ya nuna mini abu ɗaya yana ta maimaituwa. Yawan ramukan da yake fita daga ciki, shi ya jefa kansa. Yakan buɗe wasa da sakaci, musamman da waɗanda yake ganin ya fi, ga hankali rabi a allo rabi wajen masu kallo, don ya san hannunsa da agogo za su cece shi. Galibi kuwa suna cetonsa. Sai dai in ya haɗu da wanda ba ya firgita da agogo, bashin nan sai an biya. Karawarsa da Carlsen a wasan ƙarshe na gasar Speed Chess ta nuna yadda tazarar take ƙanƙanuwa: a 2022 Hikaru ya ci da maki 14.5 da 13.5, a 2023 Carlsen ya rama da 13.5 da 12.5. A irin wannan awon, wasa ɗaya da aka fara da wasa-wasa shi ne kofin.

Na biyu, a ganina ya fi iya wasa in yana ƙasa da in yana sama. Mutumin da ba a iya kashewa, wani lokaci shi ma kisan yakan gagare shi in abin ya zo da nauyi. A Zurich a 2014 ya samu Carlsen a hannu a dogon wasa, kowa na ganin an gama, ya tura soja a inda ya kamata ya ja sarauniya ta tsare gida, wasan ya juye ya sha kashi. Sai a 2016 a Bilbao ya fara cin Carlsen a dogon wasa, bayan ya sha kaye sau 12. A Madrid kuma a 2022, a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, canjaras kawai yake buƙata da Ding Liren a zagayen ƙarshe ya zama na biyu. Ya bar ruk ɗin Ding ya kutsa layi na bakwai ya yi zamansa, aka cinye shi. Da Carlsen ya ce ba zai kare kambinsa ba, wannan matsayi na biyu shi ya kai Ding wasan da ya zama zakaran duniya a 2023. Ranar da na bi wasan nan a littafina, sai da na ajiye biro na ɗan zaga tsakar gida. Kuma ko a intanet, in ya yi kuskure fuskarsa ba ta ɓoyewa, wani lokaci ɓacin ran yakan bi shi wasa na gaba.

Da na kai wa Malam wannan binciken ina jin kaina, sai ya ce, "Madalla. To cikin biyun, ƙarfinsa da rauninsa, wanne ka kwafa?" Na yi shiru, don amsar a fili take. Buɗin sakaci na ɗauka da gaggawa, wato daidai abin da shi kansa yake biyan diyyarsa da lissafin da ni ba ni da shi.

Na bar wasan minti ɗaya gaba ɗaya, layinmu ma bai yarda da shi ba. Na koma minti goma, na koma sojan tsakiya. Riga-malam-masallaci kuwa sai in ramuwar ci ce wadda ba makawa. Abu biyu na riƙe daga Hikaru. In na ji wasa ya zo mararraba, ina cire yatsa daga waya in tsaya, ko da minti biyu zai ci. Sannan na daina sallamawa da wuri. Da can da an ci mini doki nake danna tuta in fara sabo, yanzu ina zama in tambayi kaina wane taku ne zai fi ba mutumin nan ciwon kai. Makina ya dawo inda yake a hankali, ya ɗan wuce, bai yi wani tashin a zo a gani ba.

Makon jiya na yi wasa da wani mai tutar Indiya, ya ci mini ruk tun taku na ashirin. Na zauna. Na yi ta ba shi sojojina ɗaya bayan ɗaya, na cusa sarkina a lungu, ya fitar da sarauniya ta biyu cikin murna, sai ga sarkina ba gidan takawa kuma ba a kai masa hari ba. Canjaras. Na yi ihu har maiɗakina ta leƙo daga kicin tana tambayar ko lafiya.

Da la'asar na kai wa Malam wasan. Bai ko kalli ƙarshen ba. Ya jera kayan a allon katakonsa, ya mayar da su taku na goma sha tara, ya ɗora yatsa a kan ruk ɗin.

"Ɗana, me ya kai wannan nan?"