Hayaƙin St. Louis a waƙoƙin T. S. Eliot

Na daɗe ina zaton hazon nan mai launin ɗorawa da ke goga bayansa a jikin tagogi kamar kyanwa, a waƙar Prufrock ta sha'irin Turanci T. S. Eliot, hazon Landan ne. Zatona bai yi daidai ba, domin ya rubuta mafi yawan waƙar tsakanin 1910 da 1911, alhali bai zauna a Ingila ba sai 1914.

An haifi Eliot a 1888 a St. Louis, birnin da ke gaɓar kogin Misisipi a Amurka, wanda a ƙidayar 1900 ya zama na huɗu a yawan jama'a a ƙasar. Masana'antu da gidajen birnin sun dogara ga kwal mai yawan hayaƙi da ake haƙowa a jihar Illinois, ƙetaren kogin, kuma hayaƙin ya addabi mutane har ranar 28 ga Nuwamba 1939 aka kunna fitilun titi da rana tsaka. Mahaifin Eliot ma shugaban kamfanin buga jan bulo ne, wato gidansu na cikin masu cin abinci daga wutar da ke turnuƙe garin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne unguwarsu. Masu hali sun yi ta ƙaura daga titin Locust, inda gidansu yake, zuwa yammacin birnin, amma iyayensa suka tsaya saboda kakarsa da ke zaune kusa, sai yaron ya tashi a gidan wadata yana kallon unguwa tana lalacewa a kewaye da shi. A ganina, daga nan ne lunguna masu ƙazanta, da masaukai masu araha, da warin abincin yamma suka shiga waƙoƙinsa na farko, a lokacin da sha'irai ke sassauta ƙa'idar kari da amsa-amo don su iya ɗaukar hayaniyar birni. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa hoton birni a waƙarsa na St. Louis ne, aka ɗora na Faris da Landan a kai.

Ko sunan Prufrock ɗin ma, a zamanin ƙuruciyarsa akwai kantin kayan ɗaki a St. Louis mai wannan suna.