Daskararren karas da garin tafarnuwa: yadda muke karanta takardar bayan leda

Kaya biyu ne suka riƙe ɗan kamfaninmu. Muna yanka karas mu daskarar, muna kuma busar da tafarnuwa mu niƙa ta gari. Kowanne sai mun manna masa takardar bayanin sinadarai, kuma a nan masu saye ke yawan ruɗewa. Mutum zai jera ledojin biyu, ya ga giram 100 na garin tafarnuwa na da kalori wajen 330, furotin kusan giram 16, ga sinadarin ƙarfe da fotasiyam masu yawa. Ya dubi karas ya ga kalori 36 kacal, furotin bai ma kai giram 1 ba. Nan take sai ya yanke cewa tafarnuwa ta fi gina jiki nesa ba kusa ba.

Alƙaluman daidai ne, ruwa ne ya kawo tazarar. Kusan kashi 90 cikin 100 na daskararren karas ruwa ne, shi kuwa gari an ƙafe shi, saura kashi 6 zuwa 7. Sannan wa ke cin giram 100 na garin tafarnuwa a zama ɗaya? Cokalin shayi ɗaya giram 3 ne ko ɗan sama, wato kalori 10 da rabin giram na furotin, kuma shi ma tukunya guda ake rabawa. Karas kuwa giram 100 ba wani abu ba ne a faranti, kuma beta-karotin ɗin da ke ciki, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ya kusa cika buƙatar babban mutum ta yini. Garin tafarnuwa ba shi da bitamin A ko kaɗan.

Aikin karas gaggawa yake so. A wanke, a fere, a yanka, a tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, a tsamo a jefa cikin ruwan ƙanƙara, sai firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Tsomawar nan tana tsayar da sinadaran da ke dusashe launi da ɗanɗano. Tana ɗan cin bitamin C, ba ma ɓoye wa kowa, amma beta-karotin yana jurewa, kuma jiki ya fi zuƙarsa idan an dafa da ɗan mai. Idan na girgiza leda na ji gutsattsarin suna kaɗawa daban-daban, hankalina ya kwanta. Idan sun dunƙule curi guda, sanyi ya katse a hanya, ba na sayar da ita.

Tafarnuwa ita haƙuri take so. Alisin, sinadarin da ke ba ta wannan ƙamshin da yajin, ba ya samuwa sai an daddatse ta sinadarai biyu na cikinta sun haɗu. Zafi mai yawa yana kashe ɗaya daga cikinsu, garin ya yi ja ya rasa ƙarfi, shi ya sa ba ma barin na'urar busarwa ta wuce digiri 60. Ina gaya wa masu saye su jiƙa garin da ɗan ruwa na 'yan mintuna kafin ya shiga wuta.

An sha ba ni shawarar in rubuta "ya fi kayan lambu gina jiki" a jikin ledar garin tafarnuwar, wai zai ja kasuwa. Na ƙi, don ina tsoron wata uwa ta rage wa yaranta karas saboda rubutuna. Abin da na ƙara shi ne layi na biyu a kowace takarda: adadin sinadarai a cokali ɗaya na gari, da kuma a kofi ɗaya na karas.