Na ƙirga jarkokin ruwan da injin fesa wanki yake sha a gidana

Duk wanda yake zaune a Jos ya san yadda watan Maris yake mana da ruwa, rijiya ta ja baya sai ka ƙara igiya a guga, ga ƙurar hunturu ta gama kwanciya a ko'ina, intalok ɗin tsakar gida ya koma ja, tagogi kuwa ba a magana. A irin wannan lokacin ne bara ƙanena ya kawo min injin nan irin na masu wankin mota amma ƙarami na gida, wai in gwada, yana ta ce min Yaya wallahi wannan abin ba ya cin ruwa. Maman yara tana ganin yadda yake feshi ta ce a'a Baban Abba, wannan ai kafin la'asar ya zuƙe mana tanki.

Ni dai ban goyi bayan kowa ba, na ɗauko jarka mai lita 25 irin ta 'yan ga-ruwa na kunna agogon waya. Tiyon da muke jonawa a famfon tanki ya cika ta cikin minti 2. Na cusa bakin bindigar injin a jarkar na riƙe da kyau, sai da ya kusa minti 4 kafin ta cika. Wato wajen lita 6 zuwa 7 yake fitarwa a minti, kuma kusan haka yawancin ƙananan na gida masu aiki da lantarki suke. Ƙarar da hazon feshin ne suke sa mutum ya zata ruwa ne mai yawa, alhali ɗan kaɗan ne ake matsowa ta ƙaramar ƙofa da ƙarfin da ya haura 100 a ma'aunin matsin ruwa da ake kira "bar". Tankinmu kuwa da ke saman ƙarfe, sai an ɗaga ruwa mita 10 kafin ya ba da matsin "bar" 1, namu ko mita 6 bai kai ba, shi ya sa ruwan tiyo jiƙa datti kawai yake yi, tsintsiya da ƙugun mutum su ne ke aikin.

Inda na ga amfaninsa sosai a tsakar gida ne. Da, wanke intalok da tiyo da burushi yana cin mana minti 40 ruwa na ta zuba, don babu mai komawa ya kashe famfo yana tsaka da gurza, lissafa ka gani, ya doshi lita 500, rabin tankinmu mai lita 1,000 kenan. Da injin minti 20 na gama, ƙasa da jarka 6, kuma kana sakin kunamar ruwa ya tsaya cak, wanda a ganina wannan kunamar ita ce rabin tattalin. Ranar layya ma shi ya fitar da jini da kitsen da suka shiga tsakanin duwatsu, haka gansakukar da damina take bari a jikin katanga da kwata, da kafet ɗin falo da muke kaiwa wurin wankin mota a da.

Amma fa Maman yara ba ta faɗi ƙasa ba. Mu nan gidaje nawa ne ma suke wanki da tiyo? Da bokiti muka saba. Motata bokiti 3 take sha da tsumma da omo, in na sa injin kuwa na yi minti 12 ina zagaya ta, na ƙarar da lita 80, ya fi na bokitin. Kuma abin yana da daɗin riƙewa, ka gama abin da ya fito da kai sai ka ga ƙofa, ka ga dakali, ka ga takalman yara, nan ruwan yake tafiya. Yanzu sai an share wuri tas da tsintsiya, an zuba ruwan omo ya jiƙa na ɗan lokaci, sannan nake kunna shi.

Akwai wuraren da ba na kusantar da shi. Ya ɓare min fenti a bangon baya inda filasta ta tsufa, yana kwashe yashin da ke tsakanin intalok in ka matsa kusa, a mashin kuwa yana wanke giris ɗin sarƙa da boris, don haka daga nesa nake fesawa. Yara kuma na hana su taɓawa ko da wasa, ruwan yana iya yanka fata ya shiga ciki.

Sai maganar wuta, nawa wat 1,400 yake ja, ƙaramin janareton nan na kallon ƙwallo ba zai ɗauke shi ba, dole ka jira a kawo wuta. In ruwan rijiya za ka ba shi kuma ka bari yashi ya kwanta ko ka sa matata, kada kuma ka bar shi yana aiki ruwa ya yanke, famfon cikinsa lalacewa yake.

Maƙwabcina Alhaji ya aro shi makon jiya zai wanke gareji, na haɗa masa da jarkar gwajin na ce ranka ya daɗe ka fara aunawa tukuna. Ya dawo da shi bayan magariba ya ce jarka 4 ya ci, kuma ya sa a tambayo masa kuɗin irinsa a kasuwar Taminus.