Layi Guda Da Ya Ɓoye Mini Ɓatan Masu Karatu Har Wata 5

Har yanzu idan na buɗe fayil ɗin .htaccess na dandalina na intanet, inda ake rubuta wa saba (kwamfutar da ke ɗauke da dandalin) umarni, a kan layin nan guda na shafin kuskure idona yake fara sauka, duk da cewa na daɗe da gyara shi. Gajeren layi ne ƙwarai, amma shi ya sa na shafe wata 5 ina zaton komai lafiya lau, alhali masu karatu suna zuwa bakin ƙofa suna juyawa, ni kuwa ban da labari.

Abin ya faro ne lokacin da na sauya tsarin adireshin maƙaloli, na cire shekara da wata daga cikinsa domin ya gajarta. Na san tsofaffin mahaɗan da mutane suka ajiye ko suka tura wa juna za su mutu, shi ya sa na zauna na tsara shafin kuskure nawa na kaina, maimakon farin shafin nan da saba ke nunawa mai ɗauke da lamba 404, wadda ke nufin ba a samu shafin da aka nema ba, da 'yan kalmomin Turanci. Na sa tambarin dandalin a sama, na rubuta jimla 2 na ban haƙuri, na ajiye akwatin bincike a tsakiya, a ƙasa kuma na jera manyan sassan dandalin. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Wahalar ta zo ne wurin gwaji. Na rubuta wa Apache, manhajar da ke tafiyar da sabar, umarnin ErrorDocument 404, wanda ke gaya mata shafin da za ta nuna idan ba a samu abin da aka nema ba, tare da sunan shafin, sannan na shigar da adireshin ƙarya mai zurfi don in ga abin da baƙo zai gani. Shafin ya fito, sai dai ya fito tsirara, babu tambari, babu launi, akwatin binciken ma ya karkace gefe. A yau na san dalili sarai: hotuna da fayil ɗin ado na kira su da gajeren adireshi wanda ya dogara da inda shafi yake, shi kuma shafin kuskure yana bayyana ne a ƙarƙashin kowane irin adireshi da baƙo ya nema, don haka burauza ta shiga neman hotunan a wurin da babu su. Maganin bai wuce in sa kowane adireshin hoto ya fara daga tushen dandalin ba. A ranar dai gaggawa ta rufe mini ido, sai na koma kan layin na rubuta cikakken adireshin shafin kuskuren, tun daga https har sunan dandalin. Na sake gwadawa, shafi ya fito tsaf da tambarinsa da launinsa, na rufe kwamfuta ina murna na gama.

Abin da ban karanta ba, kuma a rubuce yake ƙarara a cikin bayanan Apache, shi ne cewa idan aka ba ErrorDocument cikakken adireshi mai farawa da http, saba ba za ta ƙara amsawa da 404 ba. Za ta tura burauza zuwa wancan adireshin da lambar juya akala, wato 302, shi kuma shafin da aka tura ta zai amsa da 200, lambar da ke nufin an samu abin da aka nema. Mutum yana karanta ban haƙurina a fuskar shafi, amma duk wata manhaja da ke sauraron lambobi ana gaya mata cewa lafiya ƙalau. Apache ta yi daidai abin da aka rubuta za ta yi, ni ne ban duba ba.

Ɓarnar ta shiga ta inda na fi dogara da shi. Duk ƙarshen mako nakan tace kundin ziyara na saba in nemi layukan da ke ɗauke da 404, kuma tun daga ranar kusan babu su, sai na ɗauka cewa tsofaffin mahaɗan ba su da masu bi kamar yadda na ji tsoro. Manhajar da nake zagaya dandalin da ita don gano matattun mahaɗai ita ma ta riƙa kawo mini rahoto mai tsabta, tunda duk inda ta bi 200 take tararwa a ƙarshe. Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne abin da ya samu baƙon kansa: da zarar an tura shi, adireshin da ya nema ya ɓace daga saman burauza, an maye gurbinsa da na shafin kuskure. Wanda ya yi kuskuren harafi guda ba shi da abin da zai duba ya gyara. Har ila yau na rubuta 'yar dabara da za ta ɗebo kalmomi daga adireshin da aka nema ta zuba su cikin akwatin bincike, domin baƙo ya danna kawai, amma tsawon wata 5 ɗin nan ba ta da abin ɗiba, akwatin a wofi yake fitowa.

Wani mai karatu ne ya farkar da ni. Ya rubuto cewa akwai jerin maƙaloli da yake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mahaɗar da ke ƙasan kowace maƙala shafin ban haƙuri take kai shi. Waɗannan mahaɗai ne na cikin gida, ni na rubuta su da hannuna shekarun baya, kuma rahotona ya ce babu matacciya ko guda. A daren na buɗe baƙin allon umarni na rubuta curl -I, umarnin da ke nuna lambar da saba ta amsa da ita, tare da ɗaya daga cikin adireshin. Layin farko da ya fito 302 ne, a ƙarƙashinsa kuma Location yana nuna shafin kuskurena. Na daɗe ina kallon lambar nan hannuna a kan haɓa. Daga nan na shiga Google Search Console, inda Google ke nuna wa mai dandali yadda take ganin shafukansa, wanda na yi sakaci da sashen shafukansa saboda na amince da kundina, na tarar da tarin adireshi a ƙarƙashin abin da suke kira "soft 404", wato shafin da ke cewa 200 alhali abin da ke cikinsa na nuna babu komai. Gargaɗin yana nan tun tuni yana jirana.

Gyaran bai kai minti guda ba: na goge https da sunan dandalin, na bar layin ya fara da sandar nan mai karkata (/), sannan na gyara adireshin hotunan yadda ya kamata in yi tun farko. Washegari kundin ya cika da 404, kuma ban taɓa jin daɗin ganin kuskure kamar ranar ba, domin a karon farko ina ganin ainihin inda mutane ke ɓacewa da kuma inda suka fito. Na jera adireshin bisa yawan nema na fara daga sama. Wanda maƙalarsa tana nan da sabon suna na ba shi 301, lambar ƙaura ta dindindin, zuwa ita maƙalar kai tsaye. 'Yan kaɗan da na cire da gangan na ba su 410, wadda ke cewa an cire kuma ba za a dawo da shi ba. An ba ni shawarar in tattara sauran duka in tura su shafin farko in huta, ban karɓa ba, kuma ba zan ba kowa wannan shawara ba, domin ɓoyon da na riga na yi ne a wata siffa: mutum ya nemi abu takamaimai, ya tsinci kansa a shafin farko ba bayani, ita ma Google takan lissafa irin wannan cikin "soft 404".

Da akwatin binciken ya fara aiki yadda na nufa, na sa a riƙa ajiye mini kalmomin da aka nema aka kasa samun sakamako, ban da wani bayani game da mai neman. A nan wani abin mamakin ya fito. Yawancin abin da ke jerin ina da shi a dandalin, rubutun ne ya sha bamban. Ni ina rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu, mai nema kuwa sau da yawa k da d da b yake bugawa, musamman a waya, binciken kuma ya ɗauke su haruffa daban. Na zaci dabarar da ake amfani da ita wajen cire alamar saman harafi, kamar mayar da é zuwa e, za ta wadatar, ashe ba ta taɓa haruffa masu ƙugiya, domin a tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke gane haruffa da shi, kowannensu harafi ne mai zaman kansa wanda ba ya rabuwa gida biyu. Dole na rubuta daidaitawar da hannu, a ɓangaren kalmar da aka nema da kuma ɓangaren fihirisar. Sannan na lura cewa shafin "babu sakamako" shi ma shafin kuskure ne na biyu, kuma wanda ya faɗo kansa daga 404 an rufe masa ƙofa sau 2 ke nan a jere, don haka yanzu yana nuna kalmomi makusanta da maƙalolin sashen da ya fi dacewa.

Na ƙara shafi na daban don 500, lambar da ke fitowa idan matsalar daga saba kanta take, na yi shi sassauƙa wanda bai dogara da rumbun bayanai ba, tunda lokacin da ake buƙatarsa mai yiwuwa rumbun ne ya faɗi. Lokacin gyare-gyare kuma 503 nake amsawa da ita, domin injinan bincike su san abin na ɗan lokaci ne.

Duk da haka zuciyata ba ta bar wata 5 ɗin nan ba. Mutum guda ne ya rubuto mini, sauran ban san yawansu ba sai da na koma tsohon kundi na tace 302 maimakon 404, na ga layuka suna gangarowa ba iyaka, kowane layi mutum ne ko manhaja da aka mayar hannu rabbana. Shaidar tana hannuna tun ranar farko, lambar da nake nema ce ba ita ba. Yanzu duk lokacin da na taɓa wannan fayil, ko na sauya saba, ko na sabunta manhajar dandalin, kafin in kalli kyan shafi sai na ƙirƙiri adireshin da na tabbata babu shi, na rubuta curl -I, na jira layin farko ya nuna mini 404.